Batirin Da Na Zaɓa Ido Rufe

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma bakina ya fi hankalina sauri. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya wahalar da kansa wajen nema mini uzuri. Ni ma na nema shekaru da yawa, ban samu ba.

Lokacin muna zaune a Unguwar Shanu, cikin Kaduna, Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuwa ina saurayi, sabon malamin dabbobi. Aikina bin rugage ina yi wa shanu allura, daga Kawo har Katabu, wani lokaci in zarce. Saboda nisan tafiyar aka haɗa ni da babur a wurin aiki, baƙi, mai nauyin tsiya, wanda wani Bature ya riga ya cinye ƙuruciyarsa. Amma duk layinmu ni kaɗai ke da shi, sai ka ga yadda nake ɗaga kafaɗa in na shigo unguwa. Babur ɗin wancan zamani ba ya jiran batir kafin ya tashi, da ƙafa ake buga shi. Aikin batir biyu ne kawai, fitila da oda. Wanda bai taɓa biyo hanyar Zariya bayan magariba ba, manyan motoci na taho masa a hanyar da ba ta fi faɗin mota ɗaya ba, shi zai ce ƙaramin aiki ne.

Batirin wani ɗan baƙin akwati ne da ke zaune ƙarƙashin sirdi, da murafu uku a kansa. Yana shan ruwa, kuma ba kowane ruwa ba. Na rijiya kashe shi yake yi, na famfo ma haka. Ruwan sama ake so, wanda bai bi ta kan kwano ko indararo ba. In damina ta faɗi, Inna, wato mahaifiyata, takan ajiye tasa a tsakar gida, ta tace da farin ƙyalle, ta cika mini kwalabe biyu. Su nake lallaɓawa har wata daminar.

Baba baduku ne, mutumin Zazzau, ɗinkin matasan fata ya kawo shi Kaduna. Tun kafin a haife ni ya je Makka da ƙafa, shekara bakwai tafiya da dawowa, yana tsayawa a garuruwan hanya yana ɗinki yana haɗa guzuri. Abin da ya dawo da shi bai cika jaka ba. A ciki akwai wani ɗan gwangwani liƙe da dalma, bai fi dunƙulen hannu ba, ruwan Zamzam ne. Ya naɗe shi cikin farin yadi ya sa a ƙasan adaka, kuma kowa a gidan ya san na mene ne: ranar da ya cika, a yayyafa wa likkafaninsa. Ina yaro na taɓa yin zazzaɓin da har aka fid da rai da ni. Inna ta roƙe shi ya buɗe, ya ƙi. Goya ni ya yi da kansa har wurin mai magani, gwangwanin kuwa bai taɓa shi ba.

A shekarun da nake magana yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance haske da duhu. Amma hannunsa, kai! Da laluba yake ɗinki, kuma ba ka isa ka nuna inda ya karkace ba. Da ƙarfen da ke riƙe batirin ya yi tsatsa ya karye, shi ya ɗinka mini maɗaurin fata. In zan ƙara ruwa shi nake ba murafun nan uku ya riƙe mini. A zaure babur ɗin yake kwana, a zauren kuma Baba yake wuni. Kullum da safe sai ya shafa shi tun daga fitila har baya, yana motsa baki, sannan ya ce, "To, kai, a sauka lafiya." Ni ne ɗan fari, daga shi har Inna ba mai kama sunana.

Bazarar shekarar ta yi tsawo. Kwalba ɗaya ta fashe, ɗayar ta ƙare, sama kuwa ko alamar hadari. Fitilata ta fara lumshewa. A makon nan ne kuma wata babbar mota ta take abokin aikina kusa da Katabu, da goshin magariba, ko shurawa bai yi ba. Na dawo daga jana'iza na zauna gaban tuwo ina ta zuba, ina ba da labarin yadda aka kwashe shi, na ƙare da mita: ga nawa batirin ya bushe, ruwa ya ƙare, Allah kaɗai ke dawo da ni gida. Baba ya tsame hannu tun bai ci rabi ba.

Washegari ina cikin tafiya, na wuce Kawo, sai na ji ƙwaurina na zafi. Na tsaya na duba. Ruwa ne ke tsiyaya daga ƙarƙashin sirdi, ya cinye maɗaurin fata, ya hudahuda wandon kakina sabo fil. Na buɗe murafu, kowane rami cike yake har baki. Wani ya ɗura masa ruwa fiye da ƙima, tafiya ta sa ya tafasa ya yi ambaliya. Na danna oda, shiru. Ranar a bayan wata motar itace na biyo har gari, ina aron haskenta ina shan hayaƙinta, zuciyata na ƙuna.

Na tarar da Baba a zaure da dattawa biyu maƙwabtanmu, sun dawo daga masallaci. Ko sallamar kirki ban yi ba.

"Wane ɗan iskan ne ya taɓa mini babur a gidan nan?"

Can Baba ya ce, "Ni ne."

Mai hankali a nan zai zube ƙasa. Ni kuwa kunyar abin da ya fita daga bakina ce ta ƙara tunzura ni. Na ce, "Haba Baba! Wa ya sa ka? Abin da ba ka gani, me ya kai hannunka gare shi? Ka kashe mini batir, ka kusa sa a kwaso gawata a hanya!"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Subhanallahi, yaro!" Baba ya ɗaga masa hannu. Ya juyo da fuskarsa inda muryata take, ya ce, "Haka ne."

Na shige cikin gida ina huci. Inna na tsaye a bakin madafi, ta ji komai. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta shiga ɗaki ta fito ta damƙa mini wani abu a hannu. Gwangwanin ne, ba nauyi, da huda biyu na basilla a kansa.

"Da asuba ya yi," in ji ta. "Na ce masa, Malam, na likkafaninka fa? Ya ce shi tafiyarsa ɗaya ce ta rage, kai kuwa kullum kana kan hanya."

Na zauna a kan turmi, na rasa inda zan sa kaina.

Da safe na durƙusa gabansa na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, cikin sauri, irin ba komai ɗin da ke rufe magana. Sannan ya tambaya, "Ruwan dai yana ciki?"

Na ce, "Yana ciki, Baba. Kaɗan ne ya zube."

"To, alhamdu lillahi. Ka bar shi a ciki."

Kwana huɗu ina yawo da mataccen batir, ɗaure da igiya, ina kokawar dawowa kafin rana ta faɗi. Kowace safiya Baba zai zura hannu ƙarƙashin sirdi ya dafa shi, ya yi addu'arsa. Ran Juma'a babban malaminmu na wurin aiki ya lura ba ni da fitila ba ni da oda. Ya ce ba zai sake zuwa jana'izar wani ba, ko in sake batir kafin Litinin, ko in ajiye babur. Ajiye babur kuwa ajiye aiki ne, ga shi aikin ne ke ciyar da gidanmu tun da idon Baba ya tafi.

Sai na yi wa kaina dabara, irin ta 'yan boko masu ganin sun fi kowa wayo. Zan sayi wani batirin mai kama da tsohon sak, in ɗora, Baba ya ci gaba da dafawa yana samun natsuwa. Tsohon kuma in san yadda zan yi da shi daga baya. Iyakar tunanin da na yi ke nan.

Ran Asabar da aka tashi aiki da rana na wuce bayan babbar kasuwa, wurin mai cajin batir. Tsohon soja ne, a soja ya koyi aikin, hannuwansa duk tabo, rigarsa kamar rariya saboda ruwan batir. Rumfarsa ta kwano ce, da benci dogo cike da batura. Ya kwance nawa, ya gitta masa waya, ko ƙyas. Ya leƙa ramukan ya taɓe baki.

"Malam, wannan ai ya daɗe da mutuwa, binne shi ne ba a yi ba. Dubi cikinsa, duk ya zagwanye. Ko ba a cika masa ruwa ba, ba zai ga damina ba. Wa ya ɗura masa haka?"

Na ce, "Yara."

Ka ji ni fa. Kunya nake ji in ce mahaifina ne, kunya nake ji in faɗi irin ruwan. Gani nake zai yi dariya, ya ce ga malami mai kaki da Zamzam a batir. Kunyar banza da wofi, ita ta ja mini komai.

Ya jero mini abin da yake da shi, yana bayani kamar yana gaban kurata. Na farko sabo dal, daga kanti, a bushe yake, sai an zuba masa ruwa an yi masa cajin kwana. Akwai wani na babur ɗin soja, ƙaƙƙarfa, amma ya fi mazaunin girma. Sauran kuma tsofaffi ne da ya sake wa ciki. Ya ce abu uku ake dubawa: ya zama mai murfi uku kamar nawa, ya zauna daram ba ya rawa, sannan a lura da ɓangaren da kowace waya take, don in aka juya su wutar babur ɗin gaba ɗaya za ta ƙone.

"In shawarata kake so, ɗauki sabon. Ina da ɗaya da na riga na yi wa caji. Shekara biyu ba za ka ga fuskata ba, kai ma ka huta, ni ma na huta."

Gaskiya ya faɗa, na kuma sani. Amma sabon ya fi nawa gajarta, murafunsa masu tsini ne, ga rubutu mai tudu a gefensa. Yatsan Baba ɗaya ya isa ya tona ni. Na tura shi gefe na matsa wajen tsofaffin.

Da ido duk kamarsu ɗaya, baƙaƙe. Amma ba da ido za a duba aikina ba. Sai na dafa tsohon nawa na shafa shi sosai, murafunsa masu zara-zara a gefe, kafaɗarsa mai santsi, da wata 'yar ɓarewa a kusurwar hagu. Sannan na rufe ido na fara bin na kan benci ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon sojan ya bushe da dariya. "Yau na ga ikon Allah! Malam, batir kake zaɓa ko kankana?"

Na ce ya ƙyale ni. Ya ce to, shi bari ya yi abin da ke gabansa.

Al'adar wurin, wanda ya sayi batir yakan bar tsohon, saboda dalmar cikinsa. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma hankalina duk yana kan yatsuna. Na farko kafaɗarsa ta yi kaushi. Na biyu murafunsa sun yi faɗi. Ina kan na biyar ko na shida, na ji wanda ya dace, har raina ya yi fari, sai kunnena ya jiyo wata ƙara daga bayan rumfa, ɓul, ɓul, ɓul.

Na buɗe ido. Inda na ajiye tsohon batirin ba komai. Na zagaya da gudu. Tsohon sojan na tsugune bakin kwata, ya kifa shi yana girgizawa, ɗigon ƙarshe na sauka. Kwatar bayan kasuwa ce, jikin wani bango da masu wucewa ke tsugunawa, zarni kamar ya kayar da mutum.

"Lafiya?" ya ce.

Na ce, "Lafiya."

Ko a nan ban faɗa ba. Na koma na ɗauki wanda na zaɓa, na ari zartonsa na ɓare kusurwar hagu daidai yadda ta tsohon take. Yana kallona yana girgiza kai, ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya sayi abu ya fara da lalata shi ba. Ya ɗaura mini, fitila ta kama, oda ta yi ƙara. Na kamo hanyar gida.

Bayan la'asar na tura babur ɗin cikin zaure a hankali. Baba na zaune da wani abu a cinyarsa. Ashe kwanakin nan sabon maɗauri yake ɗinka mini, na jar fata, har da ado a bakinsa.

"Kwance igiyar nan," ya ce. "Ba ta dace da kai ba. Miƙo batirin in gwada."

Ban da yadda zan yi. Na kwance na ɗora masa a gabansa. Ya shafa murafun. Ya bi kafaɗa. Ya zo kusurwar hagu, babban yatsansa ya tsaya, ya koma, ya sake dawowa.

"Wannan ɓarewar ta yau ce," ya ce. "Bakinta da kaifi."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "A'a, bari. Na san ba a tafiya ba fitila. Abu ɗaya nake tambaya. A ina ka zuba ruwan?"

Ka ga abin da ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Mutumin da ko wankin allo ba ya yarda a zubar sai a gindin bishiya inda ƙafa ba ta takawa. Na so in ce a gindin mangwaro. Ƙaryar ta zo har bakina, na kasa. Na faɗa masa duka, da kwatar, da bangon.

Sai ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta miƙo masa takalmansa da ƙwarya mai tsabta.

"Ɗaura abinka," ya ce mini. "Kai ni wurin."

Bai taɓa hawa babur ɗin nan ba, ko da wasa. Ranar ya tattare rigarsa ya hau, ƙwarya a tsakaninmu, hannunsa ɗaya riƙe da ƙuguna. Ban san ya rame haka ba sai da na ji babur ɗin bai ko nuna an ƙara masa mutum ba.

Mun tarar da tsohon sojan yana shirin rufewa. Baba ya gaishe shi da kyau, har da tambayar iyali, sannan ya ce a nuna masa inda aka zuba ruwan batirin ɗansa. Mutumin ya dube ni, ya dubi Baba. Dole na faɗa, a gaban Baba, abin da na ɓoye da rana.

Tsohon sojan ya cire hularsa ya dafe kai. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, me ya hana ka gaya mini? Me ya hana ka? Da a kwalba zan juye maka shi!"

Ya kama hannun Baba ya kai shi bakin kwatar, ya nuna masa da tafinsa inda ƙasa ta yi fari tana ɗan kumfa. Ya ce bari ya kawo shebur, ruwan nan yana cin fata. Baba ya ce a'a, shebur bai san inda danshi ya tsaya ba. Ya durƙusa cikin zarnin nan, da farar rigarsa, ya sa yatsu yana yaƙuto ƙasa yana zubawa a ƙwarya. Hannun baduku duk faso ne. Ina ganin yadda yake ɗan janye yatsun yana yarfewa, sannan ya mayar. 'Yan kasuwa masu tashi suka fara tsayawa suna tambayar me tsoho ya yar.

Na zube kusa da shi na sa hannu. Ya lalubo wuyan hannuna ya ture a hankali.

"Bari," ya ce. "Za ka ɓata kakinka."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da na ji sauƙi. Haka na tsuguna ina kallo har ya cika ƙwaryar, ya shafa ramin ya tabbata ya kai busasshiyar ƙasa. Tsohon sojan ya kawo ruwa da toka ya wanke masa hannu da kansa, yana yi yana share ido da kafaɗa. Yatsun sun yi jawur, biyu har sun fashe.

Kafin mu kamo hanya an kira magariba, muka yi salla a nan bakin rumfa. Da muka hau, duhu ya fara, dole na kunna fitila. Ta haska hanya tar, ashe batirin nan na hannu ya fi tsohon nawa nesa ba kusa ba. Muna tafe a hankali, Baba rungume da ƙwaryarsa, sai na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda ƙarar inji.

"Ina ganin haskenta," ya ce. "Wannan ya fi wancan. Ka zaɓa da kyau."

Muka ɗan ƙara tafiya. Ya sake matsowa.

"Ka yafe mini, na ɓata maka wancan."

Ina da abin faɗa. Ina da maganar mai batir, cewa tun da ma matacce ne, ba shi ya kashe shi ba. Ina da roƙon gafara da ya fi na ranar farko. Amma kuka ya riga ya shaƙe ni, hawaye na bin iska suna shiga kunnena, na san in na buɗe baki zai ji. Namiji, ɗan fari, a gaban ubansa. Sai na yi shiru, na ƙara wuta kaɗan, na ce a raina in mun isa gida.

Da muka isa ya wuce kai tsaye bayan ɗakinsa, ya sa Inna ta haƙa rami, suka binne ƙasar. Ni na tsaya a zaure ina goge babur ɗin da ba ya bukatar guga. Washegari na ce sai ya huce. Jibi na ce sai hannunsa ya warke. Tsakanina da shi ba a saba doguwar magana ba, kullum na zo zan fara sai in ji nauyi, in gaishe shi in wuce. Shi kuma bai sake tayar da zancen ba, yana dai ce mini a sauka lafiya.

Sati uku da faɗuwar damina ina wata ruga gaba da Katabu aka aiko mini. Kafin in iso an riga an yi wa Baba wanka.

Ya roƙe ni gafara a kan babur, na yi masa shiru. Har yau ban san abin da ya ɗauki shirun nan ba.